Kwana Talatin

Kwana talatin aka rubuta mini.
Na gani da idona a ofishin Nomau, bayan Shagon Goro.
Ya ɗora yatsa a kan hatimin, ya ce,
"Wagga ai tawada ce, Arzika. Tawada ba ta kama mutum."
Na yi dariya, na ƙirga masa kuɗin fadamarmu ta Kwalkwalawa,
wadda na jinginar da albasa a ciki, ko kai ba ta yi ba.

Ran talatin da ɗaya gari ya waye a Jidda kamar kullum.
Ba wanda ya buga ƙofa.
Na sha shayi, na ɗauki basilla,
na ɗinke takalmin wani ɗan Yaman.
Na ce, ashe Nomau ya yi gaskiya.

Ashe tawada ba ta gaggawa ne.
Ita ta koya mini tafiya a jikin bango,
da gane kukan motar jawazat ko ina barci.
Ita ta hana ni asibiti ran da haƙori ya kumbura mini fuska,
na cusa kanumfari, na kwanta.
Mai shago ya riƙe mini kuɗin wata biyar.
Da na je magana, waya kawai ya ɗaga, bai ko latsa ba.
Ni na ba shi haƙuri.
Wa zai kai ƙara, alhali shi kansa ne laifin?

Inna ta rasu wata Laraba.
A waya na ji kukan mata, da ƙarar bokiti ana ɗebo ruwan wanka.
Sa'o'i kaɗan ne a jirgi tsakanina da likkafaninta,
amma ƙofar fita ita ce ƙofar kamu.
Na yi alwala a bayan shago,
na yi mata addu'a ni kaɗai
cikin tarin takalman da ba a zo karɓa ba.

A bakin tanda aka kama ni, gurasa biyu a hannuna.
Ban gudu ba. Wallahi har wani sanyi na ji.
A tarhil fitila ba ta mutuwa,
sai da kiran salla muke sanin dare ya yi.
Suka ɗauki yatsuna goma, ɗaya bayan ɗaya,
suka ɗauki ƙwayar idona.
Kuɗin fansar fadama da na ɗinke a cikin katifa
suna can.
Allah ya sa wanda ya gaji katifar mabuƙaci ne.

Na sauka da jallabiya ɗaya, da silifa, da baƙar leda.
A Runjin Sambo yara suka biyo ni:
"Alhaji ya dawo! Ina dabino?"
Ban gaya musu ko sau ɗaya ban tsaya Arfa ba.
Shekara shida tana kusa da ni, shingen bincike na tsakaninmu.
Yanzu an rufe mini ƙofar gaba ɗaya.
Na tambayi askar har yaushe, ya ɗaga kafaɗa.

Ige, da na bari a ciki, ta laɓe bayan zanen uwarta,
ta ce, "Umma, baƙon ga kwana zai yi?"
Kulu ba ta tanka ba. Ta zubo tuwo,
ta cika kwano, ta sa nama a sama,
yadda ake zuba wa baƙo.

Jiya na bi ta gadar Kwalkwalawa.
Fadamar ta yi kore shar, wani yana ban ruwa.
Ya ɗago mini hannu. Bai san ni ba.

Nomau kuwa ya sake fenti, ya sa ƙofar gilashi.
Na ga wani yaro ya fito yana shafa fasfo a aljihun gaba,
yana murmushi shi kaɗai.
Na buɗe baki zan kira shi,
sai ɗan kabu-kabu ya tsaya masa,
ya hau.