Lamba Arba'in da Ɗaya

A Curitiba, ranar Talata, ruwa na dukan rufin zaure.
Na zauna layin baya kusa da tukunyar kofi,
lemata tana ɗiga kan takalmin wani.

Farfesa Valdemar ya haska jadawali a bango:
mutum saba'in muka bi, in ji shi,
sha tara sun juya,
zuciyar da ke karkata ga jinsinta ta sake alƙibla.
Ya faɗa kamar mai ƙirga buhunan waken soya.

Dakta Iolanda ta zare tabarau.
Wa ya auna? Da wane mudu?
Ta waya kuka tambaye su,
lambobin ma fastonsu ne ya ba ku.
Ashirin da shida sun daina ɗauka,
a wane rami kuka zuba su?

Ya ce, ai da bakinsu suka shaida.
Ta ce, wanda ruwa ya ci,
ko takobi ka miƙa masa zai kama.
Ɗaure baki daban, ƙoshi daban.

Aka tafa ta dama, aka yi tsaki ta hagu.
Wani ɗalibi ya tambayi yadda aka raba kashi,
ba wanda ya amsa masa.

Ni ne lamba arba'in da ɗaya.
Ina can cikin koren layi, na uku daga ƙasa,
cikin waɗanda aka ce sun warke.

Na tuna ranar da suka kira.
Ina tsaye a kicin,
Neusa na wanke tukunya a bayana,
sai ta rage famfo don ta ji.
Daga ɗaya zuwa goma, in ji muryar,
nawa kake jin abin yanzu?
Na dubi bayan wuyan matata,
na dubi hoton ɗiyarmu a jikin firij,
na ce ɗaya.
Ta ƙara famfo.

Ban yi ƙarya duka ba.
Ina son matar nan kamar yadda ake son gida.
Amma shekara goma sha ɗaya ke nan
ina sauya titi
don kar in wuce shagon da Tadeu ke gyaran keke.
An daɗe da mai da shi kantin magani.
Shi yana cikin ashirin da shidan,
ban san ko ƙaura ya yi ba,
ban taɓa samun ƙarfin tambaya ba.

Makirfo ya zo layinmu.
Hannuna ya tashi har kafaɗa,
ya ƙare da sosa kunne.

Lokaci ya cika.
A bakin ƙofa na ga su biyun,
lema ɗaya, suna jiran tasi,
har yanzu suna musu kan adadi.

Waya ta yi ƙara a aljihu.
Anselmo, ka taho da burodi.
Ya taron?
Na ce, ba su gama ba.
Ta yi shiru, ina jin famfo yana zuba.