Minti Huɗu

Minti huɗu yake yi.
Na ƙirga da agogon bango, na ƙirga da numfashina:
ya yi gurnani, tiyo ya miƙe,
ruwa ya fara sauka cikin shato a bisa soro,
sai ƙat!
Shiru,
har ka ji kurciya a kan dalbejiyar maƙwabta.

Zuwera ta leƙo daga madafa, kumfa har gwiwar hannu:
"Baba, ya sake?"
Ya sake.

Kuran na fara ɗora wa laifi,
don a Garin Malam kowa ya san halinsa,
ya shigo ba sallama, ya fita ba ban kwana.
Amma ga fitila tana ci,
ga firji yana ta ƙugi a lungu.
Na sauke masa laifin, ban dai ba shi haƙuri ba.

Mutari mai gyara ya zo a kan kabu-kabu,
jakarsa tana kacau-kacau.
Ya buɗe akwatin wuta, ya sunsuna,
ya taɓa jar waya, ya taɓa baƙa,
ya ce kondansater ce ta gaji.
Jikka uku a Kasuwar Dole.
Muka ɗaura sabuwa, muka tsaya hannu a ƙugu.
Ɗaya, biyu, uku, huɗu.
Ƙat.

Washegari mu uku muka ja igiya,
injin ya fito yana ɗiga kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu,
bakinsa cike da rairayi.
Da tsohon burushin haƙorina aka wanke shi.
Muka mayar.
Ya wuce huɗu da rabin minti,
Zuwera har ta ɗaga hannu za ta yi guɗa.
Guɗar ta maƙale mata a wuya.

Da la'asar tsoho Na-Allah ya biyo ta ƙofa,
shi da mahaifina suka haƙa rijiyar nan
tun ban san hagu da dama ba.
Bai ko kalli akwatin ba.
Ya ce a ba shi igiya da dutse.
Ya zura, ya zura, ya saurara,
ya jawo, ya auna jiƙaƙƙen wurin da hannunsa.
Kamu biyu.

"Shekarar da muka gama ta, gaba uku take jiƙa igiya.
Injinka lafiyarsa lau.
Ruwa ke ƙare masa, ya tsaya don kada ya ƙone.
Na san mutanen da ba su da wannan hankalin."

Na ce to a ƙara mata zurfi.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Ka ga duwatsun da ke zaune a Birni?
Uwarsu ce kwance a ƙarƙashin gidanka.
Diga ta ta san ta, wuta suka yi wa juna."
Sai ya nuna da haɓa:
gidan can foraj, na bayansa foraj,
ƙwarya ɗaya, bakuna sun yi yawa.

Mutari ya rufe jakarsa a hankali.
Kuɗin aiki bai tambaya ba, ni ma ban tuna masa ba.

Yanzu da asuba nake tashi, kafin ladan na biyu,
lokacin da rijiya ta kwana tana tarawa.
In kunna, in ƙirga uku da rabi,
in kashe da hannuna kafin ya kashe kansa.
Sai in zauna a bakinta da carbi.
In ka kasa kunne sosai
za ka ji ta can ƙasa,
ɗis,
ɗis,
kamar mai biyan bashi da dala-dala.

Ruwan wanke-wanke yanzu na itacen lemo ne,
Zuwera ce ta yanke wannan hukunci.

Tsohuwar kondansater tana nan cikin akwatin ɗinki.
Na kasa jefar da ita.
Ba ta yi kome ba.