Mai Rabon Ruwa a Ɗakin Duhu

Shekara ashirin da biyu ina rabon ruwa a gonakin Margilan.
Da kunne nake gane magudanar da ta toshe
tun kafin auduga ta sunkuyar da kai.
Amma ɗana Elyor ya kwana shida idonsa kamar kwaiduwa,
ban ji komai ba.

Shawara ce, in ji su, ƙwayar bairos ta sauka a hanta.
Yara tara a ajinsu. Famfon makaranta ake zargi.
Ruwa dai.
A rasa wanda ruwa zai ci amanarsa sai ni.

Ɗakin ba taga.
Likita Mohidil ta ɗumama man a tafin hannu
kafin ta shafa masa ƙarƙashin haƙarƙari.
Ya ce da sanyi duk da haka, ya yi dariya, dariyar ta soke shi.
Ta ɗora kan na'urar, abu kamar guntun sabulu.
Ja numfashi, ta ce, riƙe, kamar mai shirin nutso.

Allon ya yi toka-toka, ba gabas ba yamma.
Sai ga ja. Sai ga shuɗi.
Na zabura: shuɗin nan fa, jinin ne ya lalace?
Ko waiwaye ba ta yi ba.
Ja mai tahowa ne, shuɗi mai komawa,
alamar hanya ce kawai, Tolib aka, zauna.

Ta murɗa wani maɓalli, ɗakin ya cika da sauti.
Fuuu, ba yankewa,
irin na babbar magudana da asuba
kafin kowa ya buɗe bakin gonarsa.
Ta gusa kaɗan: fat, fat, fat,
wata siririyar jijiya mai gaggawa.
Na san wannan yaren.
Na rufe ido.
Akwai nauyi a tafiyar, kamar ruwan da ya ɗauko laka,
amma yana tafiya,
kuma gaba ya nufa.

Na faɗa mata haka. Karo na farko ta dube ni.
Ta rubuta lamba, ta ja mata layi.
Hanta ta kumbura, saifa ma ta ɗan leƙo,
gaɓar ce ta matse, ba toshewa ba ce.
Ku dawo bayan mako biyu. Ban da maiƙo, ban da ƙwallo.

Elyor ya roƙi hoton.
Ta yago masa ɗaya, baƙi da fari, launin bai fito ba.
A gida ya ari fensiran ƙanwarsa
ya cike ja da shuɗi inda ya ga dama,
har da kifi guda a gefen hanta.

Da dare, bayan uwarsa ta yi barci,
na ɗora kunnena a kan cikinsa.
Ban ji komai ba sai shayin da ya sha yana ƙugi.
Na daɗe a haka.