Daga Tudun Jukun Zuwa Samaru

Ranar da na jingine motata
a gindin darbejiyar ƙofar gida
ban yi mata sallama ba.
Na ce mako guda ne, mai zai wadata.
Yau damina biyu ke nan,
kazar Lantana ta ƙyanƙyashe tara
a kujerar da nake ɗora manyan baƙi.

Na bi layi a Kwangila tun assalatu
har inuwata ta shige ƙarƙashin takalmi,
sannan mai famfo ya tafa hannu: ya ƙare.
Ɗan bumburutu ya miƙo galan,
ya faɗi kuɗin cefanen kwana goma.
Na dubi galan, na tuna tukunya.
Tukunya ta yi rinjaye.

Mun ɗauka rijiya ce mai ido,
ashe randa ce,
kowa da moɗarsa, babu mai leƙa gindi.

Sai na sauko da keken Baba daga rumfa,
baƙin Rali, gizo ya yi masa rawani.
Barmo mai gyara a Tudun Wada
ya ja sarƙa, ya ɗiga man gyaɗa, ya ce,
“Hau, Malam. Wannan ba ya shan komai
sai tuwon da ka ci jiya.”

Ranar farko sarƙa ta cinye min gefen riga.
A hawan Palladan cinyoyina suka kai ƙarata,
na sauka ina turawa,
ina yi wa masinjan ofishinmu murmushin dole.
Na isa Samaru jiƙe sharkaf,
na tarar da keken shugabanmu
jingine da bango, sirdinsa bai huce ba.

Yanzu na san hanya da hanci.
Ƙosan Kubura kafin gada,
sanyin Kubanni a kan ƙauri,
ƙaurin masara wajen Zango.
Shekara goma sha ɗaya gilashi ya raba ni
da tsohon da ke faskare a bakin titi.
Sunansa Jatau. Yana da tari,
kuma ya san Baba.

Gidan man kan kwana ya zama shanyar tattasai.
Shekarau ɗan acaɓa ya koma mai caji,
yana wucewa shiru kamar maciji.
Janareta ya yi bakam,
Lantana ta tono dutsen niƙan kakarta,
tana niƙa tana yi min habaici.
Yara na bitar karatu a hasken sola,
kwaɗin fadama na ja musu baƙi.

Kada in yi muku ƙarya, da ciwo.
Bikin ɗan Gwaggo a Kaduna
ta waya na yi Allah sanya alheri,
har yau gaisuwarta gajera ce.
Daren da zazzaɓi ya sanƙarar da Hanne,
Shika ta yi nisa kamar Gabas.
Na tsaya riƙe da ƙahon keke,
ban san inda zan ɗora ta ba.

Galan ɗin layinmu ne ya fisshe mu,
wanda muke tarawa kwalba-kwalba
a zauren Malam Tanimu,
an rubuta masa da gawayi:
na naƙuda da jinya.
Ya zuba a tsohuwar a-kori-kurarsa
hannu na rawa, kada ɗigo ya faɗi ƙasa.
Da ta warke na mayar da kwalba biyu.

Jiya Ɗanlami ya shiga motar nan,
ya kori kaji, ya kama sitiyari,
yana ruri da baki har PZ.
Ya ce, “Baba, yaushe za ka koya min?”

Na daɗe ina kallon tayoyin da suka zauna.
Na ce ya miƙo min sifana,
na sassauto da sirdin Rali
daidai tsawon ƙafarsa.