Ambulan ta Uku

Kwana tara da kai Baba makwancinsa,
a ɗakin sama na gidanmu a Dundee,
Ailsa ta jawo kwali daga ƙarƙashin tsofaffin labule,
ta hure ƙura, ta ce, "Ga bashin da ake bin ka."

Kwamfuta ce baƙa, faɗinta bai kai faranti ba,
da kaset ɗin da sai ya yi kuka na minti biyar
kafin ya yarda ya buɗe mana duniya.
Duniyar kuwa ba hoto, ba launi,
farin rubutu ne a kan baƙin allo:
Kana gindin hasumiya. Teku na bayanka. Ga ƙofar ƙarfe.
Sai ɗan ɗigo yana ƙifta ido, yana jiran ta bakinka.

Ina da shekara goma sha ɗaya na iso ƙofar nan.
BUƊE ƘOFA. A kulle take.
TURA ƘOFA. Ko gezau.
SARI ƘOFA DA GATARI. Gatarin ya dakushe.
Na ɗura mata ashar,
ta ce, Ban san wannan kalmar ba.

Hunturu guda na yi ina zana taswira
a bayan littafin lissafi,
kogo, rijiya, gadar igiya, ɗakin mujiya,
duk hanyoyin suna dawowa nan.

A bayan kwalin kaset akwai adireshi a Arbroath:
wanda ya maƙale ya aiko da kan sarki biyu.
Matar da ta ƙaga wasan, Madam Gourlay,
ta aiko ambulan uku, da lamba, da shuɗin tawada.
Ta ɗaya ta ce: Ƙofar ba ta tsoron ƙarfi.
Ta biyu ta ce: Me kake riƙe da shi tun fitowarka?
Ta uku Baba ya fizge,
ya soka a aljihun rigarsa ta direban bas.
"Wanda aka tauna wa," in ji shi, "bai san daɗin nama ba."

Amma duk Lahadi sai ya jawo kujera kusa da ni,
shayinsa yana hucewa, ruwan sama na dukan taga,
yana ba ni shawarar banza da fuskar gaskiya:
"Gaishe ta mana. Ko ka miƙa mata kifi?"
Ni ina tafasa, shi yana shafa gemu.

Daga baya na girma, kamar yadda ake yi.
Glasgow, aiki, aure, rabuwa, furfura.
Ƙofar tana nan inda na bar ta.

Yau ga ambulan ta uku a ƙasan kwali.
An yanka bakinta da reza, a tsanake,
an mayar an manne da gam da ya koma ruwan ɗorawa.
Ashe ya sani.
Duk Lahadin nan, ashe ya sani.

Shuɗin tawada ya ce:
Ajiye fitilar. Sai a duhu ramin makulli ke haske.
A ƙasa kuma, da fensir, hannun Baba mai karkata hagu:
Saura ƙiris ya gano. 9 ga Fabrairu.
Saura ƙiris. 2 ga Maris.
Yau ya taɓa fitilar, ya fasa.

Muka jona waya. Kaset ya yi kukansa.
Na bi kogo, na bi rijiya, yatsuna ba su manta ba.
Ga teku a bayana. Ga ƙofa.
Ailsa ta ce, "To, rubuta mana."

Na rubuta: BA ƘOFA KIFI.
Ɗigon ya ƙifta, ya ƙifta,
ya ce, Ƙofar ba ta jin yunwa.

Muka yi dariya har ta koma wani abu.
Sannan na miƙe na kashe wutar ɗakin,
na dawo, na lalubi harufan da hannu.