Takardar Naɗe Agashe

A Wad Madani, bayan tashar mota,
inda iskar Nilu kan leƙo da la'asar,
nan nake hura gawayi shekara talatin,
ni Tanimu mai agashe,
jikan waɗanda suka nufi Makka a ƙafa
guzuri ya ƙare musu a nan.

Jarida kilo-kilo nake saya
wurin Majzub mai tsofaffin kaya.
Ba don karatu ba, don naɗe nama.
Sai dai kafin magariba ciniki kan yi sanyi,
ido kuwa ba ya zaman banza.

Jiya na zaro wani shafi, ya yi ja kamar shayi,
ya girmi 'yata Rumasa'u da shekara shida.
Wai Majalisar Dattawan Amurka
ta kwana ba ta runtsa ba.
Wani dattijo ya miƙe tun isha
yana ta zuba har hantsi
don kada a kaɗa ƙuri'a.
Da hujja ta ƙare masa
sai ya shiga karanto musu yadda kakarsa ke dafa wake.
'Yan'uwansa na gyangyaɗi kan kujerun fata,
masu ɗaukar hoto na canjin aiki.
Na ce, a gidanmu mai irin wannan baki
ruwa ake miƙa masa, a ja shi inuwa.

Na juya bayan takardar.
Ga wata 'yar fim, rigarta na jan ƙasa,
ta rungume ɗan gunkin zinariya tana kuka,
tana gode wa mai yi mata kitso
da karenta.
An faɗi kuɗin takalminta.
Na lissafa da raguna, lissafi ya ɓace mini.

Can ƙasa, a lungu,
inda ɗan yatsa kan danne in ana riƙe jarida,
layi uku:
kwamiti ya ɗage zama kan takunkumin wata ƙasa.
Asu ya cinye rabin sunan,
amma mutum ba ya ɓatan sunan gidansu.

Na tuna shekarar.
Injin ban-ruwan yayana Iliyasu ya tsaya a Jazira
saboda wani ƙarfe da bai kai goro ba.
Daga Khartum har Bur Sudan babu.
Auduga ta sunkuyar da kai, ta bushe a tsaye.
Ya sayar da jakinsa, ya sayar da rediyonsa,
rediyon da zai gaya masa dalili.

Na ɗora tsinke huɗu kan shafin, da zafinsu.
Mai ya ratsa, takarda ta zama gilashi.
Sai ga tabarau na dattijo a fuskar yarinya,
ga hawayenta na sauka kan wuyan rigarsa,
gunkin zinariya ya koma hannunsa,
ita kuma tana tsaye a mumbarin majalisa.
Wallahi na daɗe ina kallo,
ban gane wa ke wasa ba, wa ke mulki.
Dukansu sun san inda fitila take,
dukansu sun iya juya mata kumatu.

Rumasa'u ta zo da tasar albasa,
ta karanta ta saman kafaɗata.
Ta ce, "Baba, to an yi ƙuri'ar?"
Muka duba. An rubuta: ci gaba a shafi na tara.

Shafi na tara!
Tun shekaranjiya ya tafi Sinnar
a aljihun wani direban lori,
da ƙuli-ƙuli da yaji a jikinsa.

Ga mai raksha ya tsaya, yana sauri.
Na barbaɗa yaji kan dattijo,
na matsa lemun tsami kan 'yar fim,
na naɗe su tare, na murɗe baki.
Layi ukun nan kaɗai na yage,
na soke a aljihu.
Gobe Juma'a, zan je wurin Iliyasu.
Ban sani ba ko zan nuna masa.