Minti Ashirin

Ina da sha shida likita a Kuluj ya juyo mana hoton:
"Ba mahaifa. Hanyar ma a bakin ƙofa ta tsaya."
Mama ta ƙanƙame jakarta kamar za a ƙwace.

Shekara bakwai ban sake tambaya ba.
Ƙawaye na kukan ciwon mara, ina gyaɗa kai,
har auduga nake saya don a gan ta a jakata.

Bara na koma da ƙafata.
Sista Rodika ba ta yi zancen wuƙa ba.
Akwati ta miƙo: sanduna biyar na roba,
ƙaramar kamar ɗan yatsa.
"Fatar nan tana jin lallashi," in ji ta.
"Ki danna, ban da kokawa."

Minti ashirin da safe, ashirin da dare.
In kulle ɗaki, in jingina da matashi,
ina ƙirga taragon lantarki da ke wucewa ƙarƙashin taga.
Watan fari, shiru.
Na wurga akwatin ƙasan kabad,
ya kwana sha ɗaya cikin takalman sanyi.
Ni na ɗauko shi. Ba wanda ya sa ni.

Yau Rodika ta auna, ta tuɓe safar hannu,
ta rubuta: santimita bakwai.
Haihuwa kam babu;
wannan kukan daban ne, yana nan inda na ajiye shi.
Dorin bai sani ba tukuna.
Wataƙila ran Lahadi.

Na fito ƙanƙara na narkewa a bakin kogin Somesh.
Na sayi burodi mai zafi,
na cinye shi a tsaye.